Samuel Wesley nawa ne wai? Ku zo ku raba min gardama

Ladi: Salama jama'a, barkanmu da yamma. Dan Allah masu tarihin ikilisiya ku zo ku cece ni. An ba ni aikin gabatar da tarihin gidan su John Wesley mai ɗarikar Metodis, toh na fara da babansu Samuel Wesley limamin cocin Epworth a Ingila, sai na ci karo da wata bishiyar zuriya a intanet da ta ce an haife shi 1662, ya yi hedimasta a Tiverton, ya koma Katolika, kuma wai gwanin kaɗa ogan ne, wato babban kayan kiɗan nan na coci, har ya rasu 1837. Na buga lissafi na ga shekara 175 kenan. Ni dai kaina ya ɗaure, wanne zan ɗauka wanne zan bari?

Bulus: Hhhh 175 fa, daidai shekarun Ibrahim a Farawa 25 kenan. Ƙanwata bar shi haka, albarka ce.

Ladi: Yaya Bulus da gaske nake fa, gaban mutane zan tsaya.

Baba Dauda: 'Yata kwantar da hankalinki, ba mutum ɗaya ba ne, mutum uku aka dunƙule miki wuri guda, kuma akwai na huɗu yana jiranki a gaba. Na farko shi ne uban, wanda aka haifa 1662 a Dorset, ya auri Susanna Annesley a 1688, ya riƙe cocin Epworth kusan shekara arba'in ya rasu can a Afrilu 1735. Shi ne wanda aka ɗaure 'yan watanni a kurkukun Lincoln a 1705 saboda bashi, shi ne kuma gidansa ya ƙone a Fabrairu 1709 aka fiddo John ta taga yana ɗan shekara biyar. Na biyu babban ɗansa ne, wan su John da Charles mai rubuta waƙoƙin coci, shi ma Samuel, shi ma an keɓe shi limami amma rayuwarsa a koyarwa ta ƙare, ya daɗe yana koyarwa a makarantar Westminster a Landan daga baya ya zama shugaban makarantar Blundell's a Tiverton, can ya rasu Nuwamba 1739. Na uku jika ne, ɗan Charles, an haife shi a Bristol 1766, shi ne mai ogan, shi ne ya shiga Katolika a 1784, shi ne ya rasu 1837. Wannan bai taɓa zama limami ba, bai kuma ga kakansa ba, bai ga baffansa takwaransa ba, duk sun rasu da daɗewa kafin a haife shi.

Ladi: Kai Baba Allah ya ƙara lafiya. Na huɗun fa?

Hannatu: Wannan bar min shi Baba, ɓangarena ne. Samuel Sebastian Wesley, ɗan mai ogan ɗin, 1810 zuwa 1876. Shi ma ogan ne sana'arsa, ya yi aiki a manyan majami'u na Hereford da Exeter da Winchester da Gloucester, ya kuma yi a Leeds. Babansa ne ya liƙa masa Sebastian saboda tsananin son da yake wa Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus. In kin buɗe littafin waƙoƙi na Turanci kika ga S. S. Wesley a saman shafi toh shi ne, kuma kari ya tsara ba baitoci ba. Karin da ake kira Aurelia nasa ne, na 1864. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutane da sun ga Wesley a littafin waƙa sai su ce Charles, ko ma su ce John, alhali wannan jikan Charles ne, an haife shi Charles ya yi shekara 22 a kabari.

Bulus: Toh ni ina da tambaya, ban ƙi maganar Baba ba, amma maganar sauya coci ɗin nan na gan ta a wurare da dama kuma a kan uban suke faɗa. Bishiyoyi da yawa na buɗe duk abu ɗaya suka rubuta. Mutane da yawa haka za su taru su yi kuskure iri ɗaya?

Malam Sani: Malam Bulus ai ba taruwa suke ba, kwafa suke. A shafukan zuriya in ka sa sunan mutum manhajar da kanta za ta kawo maka shawara ta ce ga wani mai irin sunan a bishiyar wane, ka danna sau ɗaya duk bayanan su zubo cikin taka, gobe wani ya kwafa daga taka, jibi wani daga tasa. In ka bi su baya ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar duk daga hannun mutum ɗaya suka fito, shi ma bai sa inda ya samo ba. Shaida ɗaya ce aka maimaita, ba shaidu da yawa ba. Abin da za ka tambaya shi ne wace takarda ce da aka rubuta a zamanin mutumin ta faɗi haka.

Baba Dauda: Malam Sani ya yi gaskiya, amma Bulus ma abin da ya gani yana da tushe, shi ya sa ruɗanin yake da wuyar kashewa. Uban ma ya sauya coci, sai dai ba zuwa Katolika ba. A gidan waɗanda suka ƙi bin Cocin Ingila ya tashi. Mahaifinsa John Westley limamin Winterborne Whitechurch ne, an kore shi daga aiki a 1662, shekarar da aka yi dokar da ta tilasta wa kowane limami bin littafin addu'a na cocin gwamnati, limamai wajen dubu biyu suka bar kujerunsu. Kakansa Bartholomew ma an kore shi daga Charmouth, surukin Samuel ɗin, Dokta Annesley baban Susanna, ma haka daga cocinsa a Landan. Samuel ya fara karatu a makarantun waɗannan mutane, sai yana saurayi ya juya ya shiga Cocin Ingila ya tafi Exeter College a Oxford, a farkon shekarun 1680. Kin ga kenan Samuel biyu sun bar cocin da aka raine su ciki, tsakaninsu kusan shekara ɗari cif, ɗaya wajen 1684 ɗaya 1784. Mai gaggawa in ya ga haka sai ya ɗauka kuskuren bugu ne, ya gyara 7 ta koma 6, shikenan ya mai da uban John Wesley ɗan Katolika.

Ladi: Tab, har da John na biyu kenan. Wannan Westley ɗin da t kuskuren rubutu ne ko haka yake?

Baba Dauda: Haka yake, tsofaffin gidan da t ake rubuta su, daga kan Samuel na Epworth ne Wesley ya zauna. Amma kar ki jingina da harafi, zamanin nan magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma littattafan baya sukan cire t ɗin su rubuta kakan John Wesley kawai. In kin ga an ce an kori John Wesley daga coci a 1662 kin san kaka ne, jikan sai 1703 aka haife shi.

Bulus: Toh ai abin da sauƙi ashe. Uba ya mutu 1735, ɗa 1739. Duk abin da ya faru bayan 1735 na ɗa ne, bayan 1739 na jika ne, magana ta ƙare. Ladi ja layi uku kawai ki huta.

Malam Sani: Rabinta daidai ne. Misali in an ce Samuel Wesley ya yi adawa da wa'azin da John yake yi a fili, toh John ya fara wannan a Bristol a Afrilu 1739, uban ya riga ya rasu shekara huɗu, saboda haka wan ne, kuma lallai shi ɗin bai ji daɗin hanyar da ƙannensa suka ɗauka ba. Nan layinka ya yi aiki. Amma kafin 1735 fa? Daga lokacin da ɗan ya girma har uban ya rasu, wajen shekara ashirin, akwai Rabaran Samuel Wesley biyu a raye, dukansu sun yi Oxford, dukansu suna rubuta waƙoƙi, dukansu suna aika wa John wasiƙa. Layi ba zai raba maka su ba, sai wuri. Wasiƙa daga Epworth ko Wroot, ɗayar cocin da tsohon ya riƙe, ta uba ce, daga Westminster ko Tiverton ta wa ce. Kwalejinsu ma daban, uba Exeter, ɗa Christ Church.

Baba Dauda: Bayan 1735 ɗin ma akwai rami. Littattafai biyu ne ke ɗauke da sunan Samuel Wesley da shekarar 1736 a bangonsu. Ɗaya tarin waƙoƙin ɗan ne, yana raye a Tiverton. Ɗayan ƙaton sharhi ne a kan littafin Ayuba da harshen Latin, wanda uban ya ƙare ƙarfin tsufansa a kai bai ga fitowarsa ba, John ne ma ya kai wa Sarauniya Caroline kwafi a 1735 dab da zai tafi Georgia a Amurka. In ka bi ƙa'idarka Bulus sai ka ƙwace wa tsoho aikin shekarunsa ka ba ɗansa. Mutum yakan mutu littafinsa ya fito, a tabbatar da wasiyyarsa a kotu, a ambaci sunansa a shari'ar gado, duk bayan an binne shi. Ranar takarda daban, ranar mutum daban.

Bulus: Wannan ai ɗaya ne cikin dubu Baba, ba kullum ba.

Baba Dauda: Ɗayan ne kuma ya faɗo cikin aikin da aka ba Ladi.

Hannatu: Hhh Baba ya gama da kai Bulus. Ladi ƙara wannan, shi wan nasu ya girmi Charles da kusan shekara goma sha bakwai, kuma da aka kai Charles makarantar Westminster a 1716 hannunsa aka damƙa shi, shi ya riƙe shi kamar uba. Shi ya sa za ki ga an rubuta Samuel ne ya tarbiyyantar da Charles a Landan, mai karatu ya ɗauka babansu ne ya bar Epworth ya koma birni. Bai koma ba.

Ladi: Anti Hannatu na rubuta. Amma ga wata kuma, ranar haihuwar wan nasu, wani littafi ya ce 10 ga Fabrairu 1690 wani ya ce 10 ga Fabrairu 1691. Kar dai ku ce min yara biyu ne aka haifa rana ɗaya shekara daban, don na fara tsorata da gidan nan.

Malam Sani: A'a mutum ɗaya ne wannan, kalanda ce. A Ingila kafin 1752 shekarar hukuma ba 1 ga Janairu take farawa ba, 25 ga Maris take farawa. Saboda haka duk ranar da ta faɗo daga Janairu zuwa 24 ga Maris, limamin da ya rubuta ta a rajista tsohuwar shekara zai sa mata, mu kuma in mun zo lissafi sai mu sa sabuwa. Masana sukan rubuta duka biyun da 'yar sanda a tsakani, kamar 1708/9 ga gobarar Epworth, wato Fabrairun da mu muke kira 1709. Matsalar tana zuwa ne in marubuci ya ɗauki shekara ɗaya bai faɗi wace ƙa'ida ya bi ba, na bayansa ya ɗauka ba a gyara ba ya sake ƙara ɗaya, ko ya ɗauka an gyara ya bar ta. Ke dai rubuta 1690 ko 1691 ki wuce, ba wanda zai kama ki. Ban da wannan akwai kwana goma sha ɗaya da aka tsallake a Satumba 1752, aka kwana 2 ga wata aka tashi 14, shi ya sa haihuwar John za ki gan ta 17 ga Yuni wani wuri kuma 28 ga Yuni 1703, duk rana ɗaya ce.

Yakubu: Na sha ganin mutane sun raba mutum ɗaya gida biyu saboda wannan kalandar. Ruɗanin kala biyu ne, ko a haɗe mutum uku su zama ɗaya, ko a tsaga ɗaya ya zama biyu.

Baba Dauda: Tunda 'yata ta ce ta tsorata bari in ƙarasa tsoratar da ita. Yara biyu masu suna ɗaya a ɗaki ɗaya akwai su a gidan, ba dai Samuel ba. Susanna ta haifi 19, tara suka rasu suna jarirai, kuma a Ingila ta wancan lokaci in yaro ya rasu sau da yawa akan mai da sunansa ga wanda ya biyo baya. An yi 'ya Susanna ta rasu tana ƙarama, aka sake haihuwar wata wajen 1695 aka sa mata Susanna, ita ce ta girma ta auri Richard Ellison, a gida Sukey ake ce mata. Susanna uku kenan da uwar. Wanda ya ga baftismar ta farko bai nemi rajistar binnewa ba sai ya ɗora auren Ellison a kanta ya ƙara mata shekaru. Shi ya sa ba a karanta rajistar baftisma ita kaɗai, dole ka buɗe ta binnewa a gefe.

Ladi: Toh rajistar Epworth ɗin ina take, ana samunta a intanet?

Baba Dauda: Gobarar 1709 ta ci tsofaffin rajistocin tare da gidan, wannan ne ya sa ranakun haihuwar yaran gidan suke da gardama. Charles kansa tsofaffin littattafai 1708 suke ba shi, sai daga baya masu bincike suka tsaya a kan Disamba 1707.

Malam Sani: Amma gaba ɗaya Ladi, in dai limamin Cocin Ingila kike nema kin fi mai neman manomi ko maƙeri sa'a nesa ba kusa ba, domin limami duk inda ya taka sai ya bar sawu a takarda. Tun 1538 aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, daga ƙarshen ƙarnin kuma aka ce a riƙa aika wa bishop kwafi, toh wani lokaci in ta coci ta ƙone ta wajen bishop tana nan. Shi limamin kuma akwai ranar da ya shiga jami'a, kuma rajistar Oxford takan faɗi sunan ubansa da garinsu da shekarunsa, Joseph Foster ya tattara su ya buga, na Cambridge kuma Venn. Akwai ranar da bishop ya keɓe shi dikin, wato matakin farko na limanci, da ranar firist, mataki na biyu, da ranar da aka ba shi coci, da dalilin da kujerar ta zama babu kowa, mutuwa ce ko murabus ko sauyin wuri. Akwai rumbun bayanai kyauta a intanet, Clergy of the Church of England Database, ya ɗauko daga 1540 zuwa 1835, bayan nan kuma sai Crockford, littafin jerin sunayen limamai da aka fara bugawa 1858. Sannan ga wata dabara, a ƙa'ida ba a keɓe dikin sai ya kai 23, firist 24, saboda haka in kin ga an keɓe wani Samuel Wesley a 1688 ba sai kin tambayi kowa ba, ɗan ko haihuwarsa ba a yi ba.

Yadda nake yi ni, kowane mutum takardarsa daban, in sa masa laƙabi na wuri ko sana'a. Kowane labari na samu sai in tambaye shi abu uku, yaushe, a ina, wa ya rubuta, sannan in ga takardar wa zai shiga. Wanda bai amsa ba ba na tura shi dole, ina da takarda ta musamman ta marasa mai su, nan zai zauna har ranar da shaida ta zo. Yawancin ɓarnar da kike gani a bishiyoyin intanet daga rashin wannan takardar ce, mutum ba ya son ya bar gurbi, ya ga suna ya yi kama sai ya cusa. Kama da wane kuwa ba ta wane.

Bulus: Ai takardun da kansu sukan sa babba da ƙarami a bayan suna, senior da junior, me ya kawo duk wannan wahalar?

Malam Sani: Shi ma da sharaɗi. A tsofaffin takardun Ingila wannan ba lallai uba da ɗa yake nufi ba, masu suna ɗaya ne a gari ɗaya aka bambanta wanda ya girma da wanda bai kai shi ba, yana iya zama baffa da ɗan ƙaninsa, yana iya zama ba su haɗa komai ba. Kuma laƙabin tafiya yake, in babban ya mutu ƙaramin sai ya gaji babba in akwai wani a ƙasansa. A gidan Wesley ma duba, in an ce Samuel ƙarami yawanci na Tiverton ake nufi, amma a littafin kiɗa mai ogan ne babba, Sebastian ne ƙarami. Sunan gida ma bai cece ka ba, Sammy ake kiran wan John, Sammy kuma John yake kiran ɗan ƙaninsa a wasiƙa.

Hannatu: Charles ma uku ne fa kar a manta. Mai waƙoƙi, 1707 zuwa 1788. Ɗansa Charles, 1757 zuwa 1834, shi ma ogan yake kaɗawa bai yi aure ba. Sai jikansa Rabaran Charles, ɗan Samuel mai ogan, wanda ya yi limanci a majami'ar fadar sarauta ya rasu 1859. Sarah ma uku, matar Charles Sarah Gwynne, 'yarsu Sarah da ta rasu 1828, sai Sarah Suter uwar Sebastian.

Bulus: A'a Anti, a bishiyar da nake kallo uwar Sebastian Charlotte ce.

Hannatu: Charlotte Martin matarsa ce ta aure, 1793 suka yi aure, ita ce uwar Rabaran Charles. Auren ya lalace suka rabu, ya zauna da Sarah Suter wadda take aiki a gidan, ba a ɗaura musu aure ba, ita ta haifi Sebastian a 1810 da wasu yaran bayansa. Wanda ya haɗa bishiyarka ya ga mata ɗaya a rajistar aure sai ya jera mata duk yaran.

Ladi: Wannan kam ban san ko in faɗa a gaban jama'a ba, gidan manyan bayin Allah ne, kar a ce na zo tonon asiri.

Yakubu: Ni a ganina ki tsallake, ba shi aka tambaye ki ba, tarihin Metodis aka ce ba na mai ogan ba.

Baba Dauda: Tsallakewa halal ne, canzawa ne ba halal ba. In ba ki kai kan jikoki ba babu mai tuhumarki. Amma in har kin zana bishiya kin sa Sebastian, toh sunan uwar da ta haife shi za ki sa, jimla ɗaya ta isa ba sai kin yi sharhi ba. Irin wannan kunyar ce ta sa wasu marubutan da suka shige suka yi ta rufa-rufa, na baya suka zo suka tarar da gurbi suka cike da abin da ya fi daɗin ji. Kuma akwai dalilin da ya sa reshen nan yake da nauyi, John ya yi aure 1751 amma bai haihu ba, na Tiverton 'ya mace ce ta rayu a cikin 'ya'yansa, Charles ƙarami da Sarah ba su yi aure ba, saboda haka a 'ya'yan gidan Epworth sunan Wesley ta kan mai ogan kaɗai ya gangaro. Duk wanda ya ce miki shi jikan jikan John Wesley ne kai tsaye, ki san akwai inda aka haɗa waya ba daidai ba.

Yakubu: Toh na ji Baba, amma ni har yanzu da ni ne zan tsaya a kan 'ya'ya in bar jikoki. Minti nawa ma aka ba ta.

Bulus: Wani abu kuma, na ga an ce Wellington wanda ya ci Napoleon da yaƙi shi ma ɗan gidan ne, wai asalin sunansa Arthur Wesley.

Malam Sani: Sunan gaskiya ne, Arthur Wesley yake sa hannu har 1798 da gidansu suka koma rubuta Wellesley. Amma su mutanen Ailan ne, kuma kakansa Richard Colley ne sunansa, ya ɗauki Wesley a 1728 saboda ya gaji dukiyar wani ɗan uwansa mai wannan suna. Kar Ladi ta sa shi a bishiyar Epworth.

Bulus: Ku dai komai na kawo sai kun kashe.

Hannatu: Kawo mai rai mana hhh. Ladi in kina son abin da zai farkar da masu gyangyaɗi, ki ba su labarin mai ogan a ƙarshen rayuwarsa, a Satumba 1837 ya je wata coci a Landan ya ji Mendelssohn, shahararren makaɗin nan na Jamus, yana kaɗa ogan, shi ma aka roƙe shi ya hau ya kaɗa, wata ɗaya bayan nan ya rasu. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna ba zai zama mutumin da aka ɗaure a Lincoln a 1705 ba.

Ladi: Toh ga yadda na tsara, ku duba min. Samuel na Epworth 1662 zuwa 1735, limami, uba. Samuel na Tiverton 1690 ko 1691 zuwa 1739, limami kuma malamin makaranta, wa. Samuel mai ogan 1766 zuwa 1837, ɗan Charles. Samuel Sebastian 1810 zuwa 1876, ɗan mai ogan da Sarah Suter. Duk inda na ambaci ɗaya zan haɗa da laƙabinsa ko da sau goma ne a shafi. Sharhin Ayuba na kai shi takardar na Epworth, waƙoƙin 1736 na Tiverton. Akwai wata magana da na gani an ce Samuel Wesley ya faɗa a kan tarbiyyar yara, ba shekara ba wuri, na jefa ta takardar marasa mai su kamar yadda Malam Sani ya ce.

Malam Sani: Daidai. Ki sa shekarun a jikin sunan tun farkon ambato, masu sauraro ma su huta.

Ladi: Saura ɗaya Baba, shi Dokta Annesley baban Susanna na ga shi ma Samuel ne, in sa shi cikin lissafin ko in bar shi?

Baba Dauda: Sa shi amma a shafin dangin uwa, da cikakken sunansa Samuel Annesley, ya rasu 1696. Ki lura shi ma yana da ɗa Samuel Annesley, ɗan uwan Susanna, wanda ya yi kasuwanci a Surat ta Indiya ƙarƙashin kamfanin Turawan Ingila. In kin ga maganar kuɗi ko rigimar lissafi tsakanin Samuel Annesley da Samuel na Epworth, ɗan ne, ba Doktan ba.

Ladi: Shida kenan. Bari in ƙaro takarda biyu.